Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Buga Tambarin "Kiwo Mai Ɗorewa" A Kan Kifi Da Jatan Lande

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan ASC, da Global Seafood Alliance mai tambarin BAP, da GLOBALG.A.P., da duk wata hukuma da ke ba gonakin kifi takardar shaida.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne da bakin mutane iri biyu, domin ni kaina ina cikin duka biyun. Na farko su ne ƙananan masu kiwon kifi, waɗanda duk dukiyarsu tafki biyu ne ko uku, suna kwana da fargabar ruwa, suna tashi da lissafin abinci. Na biyu su ne masu saye, waɗanda kan ɗauki ƙunshin kifi ko jatan lande su hangi ɗan tambarinku a gefe, hankalinsu ya kwanta cewa ba a cuci kowa ba kafin abin ya iso hannunsu. Babu wanda ya naɗa ni wakili, ba kuma wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙaramin abu ne. Kwanakin baya na riƙe wani ƙunshin jatan lande daskararre, ƙanƙara na cizon yatsuna, ina karanta bayansa. An rubuta ƙasar da ya fito, an rubuta cewa na kiwo ne, ga wani tambari irin naku, ga kuma lamba da aka ce mai neman ƙarin bayani ya bi ta a intanet. Na bi ta. Na samu sunan gona, na samu ranar da aka ba ta takarda da ranar da takardar za ta ƙare. Tambayata ɗaya ce tak, irin wadda duk mai kiwo zai fara yi: me wannan jatan lande ya ci? Ban samu amsa ba. Da na koma bakin tafkina na juya buhun abincin da nake watsa wa kifina safe da yamma, sai kunya ta kama ni. An rubuta yawan furotin, an rubuta girman ƙwayar abincin, an rubuta "garin kifi" da "man kifi", shi ke nan. Wane kifi? Daga wane teku? Na tambayi mai sayar mini, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma haka ake kawo masa. Ashe ni da nake ciyar da kifin da hannuna ban san abin da nake ba shi ba, balle wanda zai saya ya kai wa iyalinsa.

Kafin in shiga koke, bari in ba ku haƙƙinku. Ba na cikin masu cewa a rufe kiwon kifi, da shi nake ci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa a shekarar 2022, karo na farko a tarihi, dabbobin ruwan da aka kiwata sun zarce waɗanda aka kamo: tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin 100. A 1961 abin da mutum ɗaya ke ci a shekara, in an raba daidai, kilo 9.1 ne, a 2022 kuwa ya haura kilo 20. Teku ta daɗe da gajiya. Kamun da ake yi ya tsaya kusan wuri ɗaya tun ƙarshen shekarun 1980, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na garken kifin teku da ake bibiyar lissafinsu ana kwasar su fiye da yadda suke iya hayayyafa. Kiwo ya zama dole ke nan. Na kuma san cewa tun da ƙungiyar kare muhalli ta WWF da cibiyar IDH ta ƙasar Holan suka kafa ASC a 2010, gonaki da yawa sun fara ajiye lissafin magani da na ingancin ruwa da a da ko a jikinsu. Wannan aikinku ne, an gode.

Damuwata ita ce, kalmar "ɗorewa" da mai saye ke gani a kan ƙunshi ta tsaya a bakin tafki da gefen keji, alhali mafi yawan ɓarnar wannan sana'a tana faruwa ne nesa da inda mai duba gonarku ke tsayawa da takardarsa.

Koke na farko, kuma mafi nauyi, shi ne abinci. Duk mai kiwo ya san abinci ke cinye fiye da rabin abin da yake zubawa. Kifin salmon da jatan lande da sauran masu cin nama suna buƙatar garin kifi da man kifi. Kafin a samu kilo ɗaya na garin, sai an dafa, an matse, an busar da kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi, man kuwa ya fi haka cin kifi nesa ba kusa ba. An daɗe ana lallashin mutane da cewa tarkacen kifi ne da ba mai ci. A 2017 masu bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada suka bi lissafin kamun duniya, suka tarar kusan kashi 90 cikin 100 na kifin da ake kamawa don a niƙa, kifi ne da mutum zai iya ci.

Ku dubi gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya. A garin Nuwadibu masana'antun garin kifi sun tashi daga 'yan ƙalilan zuwa gommai cikin shekaru kaɗan. Abin da suke haɗiya shi ne sadin da bonga, ƙananan kifayen da talaka ke iya saye, waɗanda mata ke bandawa ko busarwa su yi tafiya mai nisa zuwa garuruwan da ba su taɓa ganin teku ba. Rahoton da Greenpeace Afirka da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce sama da tan dubu 500 na irin waɗannan kifaye ake kwashewa daga wannan gaɓa kowace shekara a mayar da su gari da mai, abin da zai ishi mutum miliyan 33. Kwamitin masana na FAO da ke duba garken wannan yanki ya yi shekaru yana cewa an wuce kima wajen kamun sadin. Yadda abin yake a ƙasa ba wuyar ganewa. Kwale-kwale ya dawo cike, masana'anta ta sayi lodin gaba ɗaya, mai banda ta koma gida da kwandonta wayam, murhunta ya huce. A Gunjur ta Gambiya, a 2017, ruwan wata fadama da ke kusa da masana'antar garin kifi ya rikiɗe ya zama ja, halittun cikinsa suka mutu, mutanen gari suka yi ta ƙorafi kan ruwan dattin da ake zubarwa.

Gaskiya ne ba duk garin nan ke shiga bakin kifi ba, aladu da kaji na samun nasu, man kuma wani ana ɗura shi a ƙwayoyin ƙarin lafiya. Amma kiwon ruwa ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na duka biyun. An ɗauke kifi daga kwanon wanda ba shi da wani nama, an ciyar da kifin da za a ajiye a gaban wanda ke da zaɓi goma, sannan an buga tambari an ce an kyauta wa duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsarku, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. Za ku ce an rage sosai: a 1990 kusan kashi 90 na abincin salmon a Norwe daga teku yake fitowa, a 2020 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Za ku ce a 2022 kashi 34 na garin kifi da kashi 53 na man kifi na duniya daga kawuna da ƙayoyi da kayan ciki aka yi su, abin da a da zubarwa ake yi. Za ku ce ASC ta fitar da ma'aunin abincin kifi a 2021. Duk haka ne. Sai dai yayin da kason ke raguwa a cikin buhu, yawan buhunan ninkuwa yake yi. Abin da ya maye gurbin garin kifin kuma mafi yawa waken suya ne, da yawansa daga Burazil, inda nomansa ya daɗe yana cin daji. In ba a bi sawunsa ba, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Akwai kuma abubuwa biyu da mai saye bai sani ba, da ya sani da ya ɗan ja baya. Na ɗaya, ana yarda masana'antar abinci ta yi abin da zan kira lissafin gauraye. Ta sayi tan ɗari na kayan da suka cika sharaɗi, ta zuba su rumbu guda da waɗanda ba su cika ba, sannan ta sayar da tan ɗari da sunan mai cika sharaɗi. A takarda lissafi ya fita daidai. A cikin kifin kuwa Allah kaɗai ya san abin da ya shiga. Na biyu, ana karɓar gari da mai daga wuraren kamun da ba su kai ma'auni ba tukuna, muddin sun shiga shirin da aka ce suna "kan hanyar gyara". Ba laifi ba ne a ƙarfafa mai son gyara, amma hanyar da ba a sa mata ranar isa ba ta zama wurin zama. Shekarar 2023 ta nuna yadda ginin yake a kan siririn zare: gwamnatin Peru ta soke zangon farko na kamun ancobeta, ɗan ƙaramin kifin da ake niƙawa a yi gari da mai, saboda ɗumamar ruwa ta El Nino, man kifi ya yi tashin gwauron zabo a duniya, mu ƙanana muka ji a jikin buhunanmu. Duk lokacin da Peru ta gaza, ni a ganina idon masu saye gaɓar da doka ta fi rauni yake komawa.

Koke na biyu shi ne kifin da ba ya kaiwa kasuwa. Na taɓa fitowa da asuba riƙe da tocila na tarar da kifina duk sun taso saman ruwa, bakuna a buɗe, suna haɗiyar iska. Kwaɗayi ya sa na cika tafkin fiye da ƙarfinsa, daren ya yi zafi, oksijin ya ƙare. Na kunna famfo, na yi ta dukan ruwa da faranti, ihu bayan hari. Kafin hantsi ina kwasar su da kwando, fararen cikkuna a sama. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai ranar shi ne buhunan abincin wata huɗu da suka bi su rami.

Ku ninka wannan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Norwe ta ce a 2023 salmon sama da miliyan 62 ne suka mutu a kejin teku na ƙasar, kashi 16.7 cikin 100, kusan ɗaya cikin kowane shida ke nan. Wannan kuwa ƙasar da ake kafa misali da ita ce. Babban abin da ke jawo hakan ƙwarƙwatar teku ce da kuma maganinta. Da ƙwarƙwatar ta daina jin magani, sai aka koma zuƙo kifin ta bututu a tsoma shi cikin ruwan ɗumi ko a wanke shi da ƙarfin ruwa, ya fito da rauni a fata, sanyin hunturu ya mayar da raunin gyambo. Ana kuma zuba miliyoyin wasu ƙananan kifaye cikin kejin su riƙa tsince ƙwarƙwatar, akasarinsu ba sa ganin ƙarshen zango. A Cile wata cutar salmon mai suna ISA da ta ɓulla a 2007 ta durƙusar da sana'ar, dubban ma'aikata suka rasa aiki, a 2016 kuma bunƙasar gansakukar ruwa mai guba ta kashe salmon sama da miliyan 20, har aka kai dubban tan na matattu aka zubar a teku. A Tailan cutar da ke kashe jatan lande tun yana ƙarami ta raba abin da ƙasar ke samarwa kusan gida biyu a 2013. Duk kifin da ya mutu bayan ya girma ya tafi da sadin ɗin da aka niƙa masa. Amma gonar da ta rasa kashi biyar da wadda ta rasa kashi ashirin, mai saye ba ya iya bambance ƙunshinsu.

Batun magani ba zan tsawaita ba, misali ɗaya ya isa. A 1987 gonakin kifin Norwe sun yi amfani da kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da aka koma yi wa 'ya'yan kifi allurar rigakafi ɗaya bayan ɗaya, amfani da shi ya faɗi da kusan kashi 99, alhali kifin ya ninku. A Cile kuwa, a 2014 kaɗai, an zuba sama da tan 500. Maganin a cikin abinci ake gauraya shi, kifi marar lafiya kuma ba ya cin abinci, sai ya nutse ƙasan ruwa, ƙwayoyin cuta su saba da shi, wata rana likitan mutane ya rubuta irinsa ya ƙi aiki. Mu ƙanana ma ba mu tsira ba. Sau nawa ake miƙo mana wani gari a ƙullin leda marar suna a ce mu zuba idan kifi ya yi sanyi?

Ruwan kansa yana da nasa haƙƙin. Kejin raga a teku ba shi da magudana, kashin kifi da ragowar abinci duk ƙasan teku suke sauka. A mashigin Macquarie na Tasmaniya oksijin ya yi ƙasa bayan faɗaɗa kiwon salmon, har masana suka yi gargaɗin cewa wani faffaɗan kifi da babu irinsa ko'ina a duniya sai can yana dab da ƙarewa. A watan Agustan 2017 wani keji ya rushe a jihar Washington ta Amurka, salmon na tekun Atlantika wajen dubu 250 suka fantsama cikin ruwan da ba nasu ba, a 2018 jihar ta yi dokar kawo ƙarshen kiwonsu a irin wannan keji. A 2024 Kanada ta sanar cewa za ta hana buɗaɗɗen kejin salmon a gaɓar British Columbia daga 2029. Idan gwamnatoci na rufe ƙofa ga wata hanyar kiwo a wani ruwa, tambari kuma na ci gaba da cewa lafiya lau, wa mai saye zai gaskata?

Haka batun kurmin mangurof, itatuwan nan da ke tsayawa da saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, inda 'ya'yan kifi da kaguwa ke fakewa, masu kuma karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidaje. Rahoton FAO na 2023 ya sa tafkunan kiwo a sahun gaba cikin abubuwan da suka cinye shi tsakanin 2000 da 2020. Na yaba da sharaɗin ASC na ƙin gonar jatan lande da ta sare shi bayan watan Mayun 1999. Amma tafkin da aka yi watsi da shi bayan cuta, ƙasarsa ta yi tsami da gishiri, mai shi ya matsa gaba, wannan ba ya cikin lissafin kowa.

Sai mutane. A 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo yadda ake bautar da baƙin haure a jiragen kamun kifi na Tailan, kuma kifin da suke kamowa ne ake niƙawa a ciyar da jatan lande. A 2015 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano masunta a tsare a tsibirin Benjina na Indonesiya, binciken da ya kai ga 'yantar da sama da mutum 2,000, ya kuma nuna rumfunan ɓare jatan lande a Samut Sakhon inda har yara ke aiki. An yi alkawura, Tarayyar Turai ta ba Tailan katin gargaɗi a 2015 ta janye a 2019. Sai ga shi a watan Maris na 2024 wasu rahotanni sun fito daga jihar Andhra Pradesh ta Indiya da irin wannan labari: mata na ɓare jatan lande cikin ƙanƙara ba safar hannu, a rumfunan da ba sa cikin takardun kowa. Abin lura shi ne, kusan kullum 'yan jarida da 'yan rajin kare haƙƙi ne ke fara ganowa.

Wannan ya kawo ni kan koken da na san ba za ku so ji ba. Mai duba gona, gonar ce ke biyan sa. Yawancin ziyarar kuma da sanarwa ake yin ta. Ni ma in na san baƙo na zuwa ranar Talata, ranar Litinin zan sauya ruwa in kwashe matattu. Wasunku kuma kuɗin shigarku daga masu buga tambarin yake fitowa, wato iya yawan ƙunshi iya yawan samu. Ban ce kun ci amana ba. Na ce dai alƙalin da mai ƙara ke ciyarwa, ko waliyyi ne sai an yi masa kallon biyu. A ɗaya gefen, sama da kashi 90 na kiwon ruwa na duniya a Asiya ake yi, da yawansa a hannun iyalai masu 'yan tafkuna, kamar yadda yake ga ƙanana a ko'ina. Kuɗin bincike, gwajin ruwa a ɗakin awo, takardu masu shafi da yawa cikin harshen da ba nasu ba, duk sun fi ƙarfinsu. Sai ka ga mai tafki ɗaya da ke kiwon karfasa da kifin da ake kira kaf (carp) a ruwa guda, ba magani, ba garin kifi sai ɗan kaɗan, ba shi da tambari, kamfanin da ke da lauyoyi da akawu kuwa yana da uku. Mai saye ya ɗauka na farkon ne mai ɓarna.

A nan zan ɗan ratse. Kawa da danginta masu ɓawo, da ciyawar teku, da nau'o'in kifin kaf masu tace ruwa, ba a ba su abinci ko ƙwaya ɗaya. Kawa ma tsabtace ruwan take yi. Amma kason kiwon da ba ya buƙatar abinci raguwa yake yi, yau kusan kashi uku cikin huɗu na dabbobin ruwan da ake kiwatawa sai an ciyar da su. Tambarin da ke zama iri ɗaya a kan kawa da kan salmon ya ɓoye wa mai saye bambancin da ya fi kowane girma.

Ga abin da nake roƙo, ranku ya daɗe.

Ku wajabta wa duk masana'antar abincin kifi da ke ƙarƙashin takardarku ta rubuta a jikin buhu, ta kuma wallafa a fili, sunan kifin da aka niƙa, tekun da aka kamo shi, da garin da masana'antar niƙan take. Haka waken suya, a faɗi ƙasa da yanki. Lambar da ke kan ƙunshi kuma ta riƙa kai mai saye har ga wannan bayani. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1379 ta 2013 ta riga ta tilasta a faɗi ko na kiwo ne ko na kamu da ƙasar da ya fito, ba ta kai ga abinci ba. Ku kuna iya kaiwa ba tare da jiran wata majalisa ba.

Ku daina karɓar gari da man da aka yi da cikakken kifi daga gaɓar da mutanenta ke dogaro da wannan kifin don abinci, matuƙar masana sun ce an wuce kima. Kawuna da ƙayoyi a niƙa, ba mai ja. Shirin "kan hanyar gyara" kuma a sa masa wa'adi a rubuce, in ya cika ba gyara a cire shi. Lissafin gauraye ma a sa masa ranar ƙarewa, kafin nan kuma duk ƙunshin da ya bi ta wannan hanya a faɗa a jikinsa.

Kowace gona mai tambari ta wallafa, zango bayan zango, yawan kifin da ta zuba, yawan da ya mutu da dalili, yawan da ya tsere, da nauyin maganin da ta yi amfani da shi, a shafi guda da mutum zai karanta a waya cikin minti biyu. A sa har da ƙananan kifayen nan masu tsince ƙwarƙwata, su ma rai ne. Wadda ta wuce iyaka a dakatar da takardarta nan take, kuma a sanar.

Ku raba aljihun gona da na mai duba ta. Gonaki su zuba kuɗi a asusu guda, ku ku zaɓi wanda zai je, ya je ba sanarwa, ya bi kayan har rumfar ɓarewa da jirgin da ya kamo kifin niƙa. Ya zauna da ma'aikata a wajen harabar kamfani, cikin harshensu, ba shugabansu a tsaye a kai. Masunta da mata masu banda da mazauna bakin ruwa kuma a ba su kujera mai ƙuri'a a kwamitocin da ke rubuta ma'auninku.

Mu ƙanana, ku sauƙaƙa mana shiga a ƙungiyance, ku fassara sharuɗɗan zuwa harsunan masu kiwo, ku ware wani kaso na kuɗin tambari ya biya mana bincike da gwajin ruwa. Sannan ku sa wa tambarin matakai, yadda abin da ba a ciyar da shi da kifi zai fito daban da wanda ya ci. A watan Yulin 2024 ƙasashe suka amince da jagororin FAO kan kiwon ruwa mai ɗorewa a birnin Rum, amma jagorori ne na ganin dama. Ku ne kuke da abin da kamfani ke tsoron rasawa.

Ina roƙon ku amsa wannan wasiƙa a fili, ko da kan batu na farko ne kawai. Na yanke takardar da ke jikin buhun nan na ajiye, da lambar zubin masana'anta da kwanan wata a jiki. In kun ba ni adireshi zan aiko muku da ita, ku gwada bin sawun garin kifin da ke ciki har bakin tekun da ya fito, ku faɗa mini kwana nawa ya ɗauke ku.

Naku cikin girmamawa,
Wani ƙaramin mai kiwon kifi